Tarihin Marigayi Alhaji Waziri Ibrahim, Ministan Raya Arzikin Ƙasa

Idan aka ambaci sunan Alhaji Waziri Ibrahim na Barno, abin da ya kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne zaɓen 1979, da kiran da ya yi ta yi a wannan lokaci cewa a yi siyasa ba da gaba ba. Kaɗan ne su ke tunawa cewa shekara goma sha bakwai kafin nan, shi ne ministan da ya miƙa wa Majalisar Wakilai ta Ikko shirin raya ƙasa na farko da Nijeriya ta yi bayan samun mulkin kai, kuma a kansa rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 ta fara fashewa. Wanda ya ke so ya gane mutumin, sai ya haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya, gama wanda ya zo yana hana gaba a ƙarshen rayuwarsa ya riga ya ga abin da gaba ta yi wa aikin da aka damƙa masa tun yana da ƙuruciya.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a Yerwa, watau Maiduguri, ran 26 ga Fabrairu, 1926. Waziri sunansa ne na yanka, ba sarauta ba ce. Mahaifinsa malami ne, ya sa masa sunan ne don girmama wani amininsa wanda ya ke riƙe da sarautar Wazirin Barno. A Damaturu ya tashi, inda mahaifin ya ke limanci, can kuma ya shiga Elementare a 1936. Daga nan ya wuce Midil ta Maiduguri a 1940, sa'an nan Kwalejin Kaduna daga 1944 zuwa 1947. Wannan ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya ta zama Barewa. Yawancin shugabannin Arewa na farko daga cikinta suka fito.

A wancan zamani hanyar ɗan kwaleji a shimfiɗe ta ke: ko ya ɗauki alli ya shiga aji, ko ya shiga ofishin En'e ya fara daga akawu yana hangen wakilci ko hakimci. Waziri bai bi ko ɗaya ba. A 1948 ya shiga Kamfanin U.A.C. don koyon aikin manaja. Ya riƙe akwatin kuɗi da sito a reshen Maiduguri, ya taɓa zama a Jos, ya zama mai kula da al'amuran ma'aikata a yankin Binuwai, har kafin ya bar kamfanin ya kai matsayin manajan yankin Kaduna. Ɗan Arewa a irin wannan kujera a kamfanin Turawa abu ne da a ke nunawa da yatsa a lokacin.

Ya kamata mai karatu ya san irin makarantar da wannan kamfani ya ke. An kafa U.A.C. a 1929, ya kuwa kasance a ƙarƙashin Unilever, babban kamfanin da Ingilishi da mutanen Holan suka haɗa hannu a kansa. Aikinsa shi ne ya sayi amfanin gonar Afirka ta Yamma, ya kawo yadi da gishiri da kananzir da kwanon rufi ya sayar. Manomin ƙasar Dambatta ko Bichi ko Dawakin Tofa, wanda gonarsa ba ta wuce 'yan kadada kaɗan ba, wanda ba ya barinta ta huta sai dai ya yi ta jido mata taki da jaki kowace rani, ya kan shuka gyaɗa a tsakanin gero da dawa don ya sami kuɗin haraji da na tufafi. In ya ɓare ta ya kai sikeli, sai a ɗura a buhu a kai Kano a jera dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, na ruwa ya haye da ita Turai, a matse a yi man girki da man shafa wa burodi. Wanda ya yi shekara goma yana lissafin wannan ciniki ya san inda kowane kwabo ya ke shiga da inda ya ke fita, ya kuma san abin da ya ke saura a hannun mai fartanya.

Shigarsa siyasa

Da aka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, a Kano cikin Agusta 1950, Waziri yana cikin samarin da suka karɓe ta a Damaturu, har ya shugabanci reshenta na can. Bai daɗe a cikinta ba. Daga bisani ya koma Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, a ƙarƙashinta kuma ya ci zaɓen tarayya na Disamba 1959, ya wakilci Konduga da Mafa. Da NPC da NCNC suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba shi Ministan Lafiya, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ba a daɗe ba aka mayar da shi Ma'aikatar Raya Arzikin Ƙasa, kujerar da Alhaji Shehu Shagari da Jaja Wachuku suka zauna kafinsa. A nan ya tsaya har ƙarshen mulkin farar hula na farko.

Shirin shekara shida

Aikin wannan ma'aikata ya bambanta da na Ma'aikatar Kuɗi, wadda Cif Festus Okotie-Eboh ya ke riƙe da ita. Ministan Kuɗi shi ke tara haraji da kuɗin kwastan, ya biya albashi, ya ciwo bashi. Ministan Raya Arziki kuwa shi ke duban gaba, ya ce cikin shekaru kaza ga abin da ƙasa za ta gina, ga wanda za a fara, ga wanda zai jira. Wahalar ita ce gwamnatoci huɗu ne a ƙasar a lokacin, ta Tarayya da ta Arewa da ta Gabas da ta Yamma, kowace da baitulmalinta da jam'iyyarta da shirinta. Sai an zauna a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda Firayim Minista da Firimiyoyi su ke haɗuwa, kafin a ɗinke shirye-shiryen su zama ɗaya.

Waɗanda suka yi lissafin shirin ƙwararru ne, babbansu wani shehun malami daga Amurka, Wolfgang Stolper, wanda ya zauna a Ikko daga 1960 zuwa 1962. Da ya koma gida ya rubuta littafi a kan aikin, ya sa masa suna mai ma'anar shiri ba tare da tabbatattun alkaluma ba. Sunan ya dace, domin babu wanda ya ke da sahihin adadin mutanen ƙasar, balle na damin gero da dawa da a ke girbewa kowace kaka.

A 1962 Waziri Ibrahim ya gabatar da shirin ga Majalisa. An tsara shi na shekara shida ne, daga 1962 zuwa 1968. Gwamnatocin za su kashe fam miliyan 676 da ɗoriya a kan manyan ayyuka, da fatan arzikin ƙasa ya riƙa ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Rabin kuɗin a gida za a samo shi, ɗaya rabin kuwa an ɗora rai ne ga bashi da gudummawa daga ƙasashen waje. Amurka ta riga ta yi alkawarin dala miliyan 225.

Rabin nan na gida, mai karatu ya tambayi kansa daga ina zai fito. Man fetur bai zama kome ba tukuna, gama a 1958 aka fara fitar da shi. Abin da ƙasa ta dogara a kai shi ne koko na Yamma, da manja da ƙwara na Gabas, da gyaɗa da auduga na Arewa. Tun 1954 kowace Jiha ta ke da hukumarta ta cinikin amfanin gona. Hukumar ta kan yanke farashin da za a biya manomi a farkon kaka, ta sayar a Turai da farashin duniya, abin da ya rage a tsakani ya shiga asusunta, ban da harajin fito da gwamnati ta ke karɓa. An ce za a ajiye rarar ne don a tallafi manomi ran da kasuwa ta faɗi, amma a hankali sai ta zama jarin gina hanyoyi da makarantu da masana'antu. Saboda haka manomin Kunci ko Makoɗa, wanda bai taɓa jin sunan shirin ba, yana cikin waɗanda suka biya kuɗinsa. A nan ne kuma masu sukar shirin suka sami abin kamawa, don kuwa noma da kiwo da dangoginsu kimanin kashi 14 cikin 100 aka ware musu, alhali sufuri ya haura kashi 20.

Uwar ayyukan ita ce madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, wadda aka ƙiyasta za ta ci fam miliyan 68, watau wajen ushirin kuɗin shirin duka. Injiniyoyin Holan na kamfanin NEDECO, waɗanda ƙasarsu ta shahara da sanin ruwa, su suka yi shekaru suna auna Kwara da Binuwai, sa'an nan suka haɗu da Balfour Beatty na Ingila wajen tsara aikin. Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 82 a 1964, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin. Ruwa ya ci tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka sake wa mutane fiye da 40,000 mazauni. An buɗe madatsar a farkon 1969, aka ja wayoyinta kudu zuwa Badun da Ikko, arewa zuwa Kaduna da Kano. Ban da Kainji, cikin waɗannan shekaru ne layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, aka kafa bankin raya masana'antu a shekarar nan, matatar mai ta Fatakwal ta fara aiki a 1965, aka kuma gama gadar Kwara ta Anaca.

Akwai kuma abin da bai samu ba. Kuɗin waje bai zo ko kusa da yadda aka zata ba, domin masu ba da bashi sun fi son a kawo musu aiki ɗaya ɗaya da cikakken lissafinsa, ma'aikatu kuwa ba su da isassun mutanen da za su shirya takardun. Yajin aikin gama-gari na Yuni 1964 ya jawo ƙarin albashi, wanda ya cinye wani ɓangare na abin da aka so a yi gini da shi. Masana'antar narkar da ƙarfe kuwa, wadda ƙwararru suka ce guda ɗaya ƙasar za ta iya ɗauka, kowace Jiha ta ce sai a ƙasarta. Aka yi ta ja-in-ja har aka kai ga shawarar a raba ta tsakanin Idah da Anaca, ƙarshenta ko tubali ɗaya ba a aza ba. Rabon da aka yi don kowa ya samu, shi ya sa kowa ya rasa.

Rigimar ƙidaya

Ofishin ƙidayar jama'a a ƙarƙashin ma'aikatar Waziri ya ke, dalilin kuwa a fili ya ke: ba a shirya wa gida abinci sai an san bakunan da za su ci. A da, talaka gudun ƙidaya ya ke yi, don ya san bayan mai rubuta suna mai karɓar haraji ke tafe. Amma da mulkin kai ya zo, yawan jama'a ya zama shi ne ma'aunin kujerun Majalisa. Bisa ƙidayar 1952 da 1953 Arewa ta sami kujera 174 cikin 312. Don haka da aka zo ƙidayar Mayu 1962, 'yan siyasar kowane ɓangare suka shiga gari gari suna gaya wa mutanensu kada wanda ya bari a tsallake shi. Malaman makaranta da akawuna da yawa su aka ba takardun, suka bi gida gida.

Da alkaluma suka taru a Ikko, sai aka ga wasu wurare sun yi ƙaruwar da haihuwa ba ta iya kawowa cikin shekara goma. Baturen da ya ke shugabancin ofishin, Mista Warren, ya rubuta rahoto ya ce an kumbura adadin wasu yankunan Gabas. A Disamba 1962 Waziri Ibrahim ya bayyana abin da rahoton ya ƙunsa a gaban Majalisa. Wakilan NCNC, waɗanda abokan gwamnati ne, suka tashi da fushi suna neman a sauke shi. Firayim Minista ya karɓe al'amarin ya mayar hannunsa, aka soke ƙidayar, aka sake wata a Nuwamba 1963. Wannan ta ba da mutum miliyan 55 da dubu ɗari shida da wani abu, Arewa tana da miliyan 29 da dubu ɗari takwas. Gwamnatin Gabas ta ƙi amincewa, ta kai ƙara kotu ba ta yi nasara ba.

Mutane sun rabu a kan abin da ministan ya yi. Wasu sun ce gaskiyar ma'aikacinsa ya faɗa, bai kuwa kamata ya ɓoye ta ba. Wasu sun ce ɗan NPC da ya tashi ya nuna laifin Gabas ita kaɗai, a lokacin da kowane ɓangare ya ke zargin ɗan'uwansa, ya zuba wa wuta kananzir ne. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya biyo baya sananne ne. Kayan aikin da aka nema don lissafin makarantu da asibitoci ya zama makamin faɗa. Amana ta ƙare tsakanin NPC da NCNC, zaɓen Disamba 1964 ya zo da ƙauracewa, na Yamma a Oktoba 1965 ya zo da ƙone-ƙone. Ran 15 ga Janairu, 1966 soja suka yi juyin mulki, aka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato da Cif Akintola da Ministan Kuɗi. A Yuli 1967 yaƙin basasa ya tashi. Shirin shekara shida bai cika shekarunsa cikin lafiya ba, sai a 1970 aka iya fito da na biyu.

Komawarsa fage

Bayan faɗuwar gwamnati Waziri ya koma sana'arsa ta fari. Ya kafa kamfanoni, ya yi ciniki a gida da waje, ya zama ɗaya daga cikin attajiran Arewa. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage hanin siyasa a Satumba 1978, yana cikin na farkon da suka fito da jam'iyya, watau NPP, wadda ta haɗa mutanensa da wasu 'yan siyasar Ikko da na Gabas da na ƙananan ƙabilu, shi ne kuma babban mai ɗaukar nauyinta. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Ya nemi ya haɗa shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa, abokan tafiyarsa suka ƙi, aka rabu kafin shekara ta ƙare. Su suka jawo Dokta Nnamdi Azikiwe, shi kuwa ya kafa GNPP. Masu sukarsa sun riƙe wannan a matsayin shaidar cewa mai kuɗin ya ɗauki jam'iyya tamkar kamfaninsa, zargin kuma bai rabu da shi ba har ƙarshe.

Duk da haka, abin da ya fito da shi gaban jama'a baƙo ne a siyasar ƙasar. Ya ce abokin hamayya ba maƙiyi ba ne, a yi takara a tashi a gaisa. Waɗanda suka ga zamanin NEPU da NPC a ƙasar Kano, sa'ad da siyasa ta kan raba wa da ƙane, ta hana gaisuwa da zuwa jana'iza, ta kai mutum gaban alƙali ko gidan yari saboda katin jam'iyya, sun san nauyin wannan magana.

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979 mutum biyar suka tsaya. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami wajen kashi 34 cikin 100, Cif Awolowo 29, Dokta Azikiwe kusan 17, Malam Aminu Kano da Waziri Ibrahim kowannensu wajen kashi 10. Waziri ne na ƙarshe, da ƙuri'a miliyan ɗaya da kusan dubu ɗari bakwai. Jihar Kano ta bi Malam Aminu da PRP, kuma a kan ƙuri'unta ne aka yi shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da sulusi biyu, saboda Shagari bai cika rubu'in ƙuri'un Kano ba. GNPP ta ci gwamnan Barno, Muhammadu Goni, da na Gongola, Abubakar Barde, ta sami sanata 8 da wakilai 43.

Ba a daɗe ba aka gwada kiran nasa a kan jam'iyyarsa. A Janairu 1980 Gwamnatin Tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a Majalisar Barno, ta fitar da shi zuwa Cadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu aka nufa, kotu kuwa ta mayar masa da haƙƙinsa. Amma ɓarakar da ta kashe GNPP daga cikin gida ta fito. Gwamnoninta biyu sun shiga taron gwamnonin adawa tare da na UPN da na PRP, aka yi ta saɓani a kan ko a narke cikin sabuwar haɗaka ko a tsaya, har jam'iyya ta dare. A zaɓen 1983 Waziri bai kai kashi 3 cikin 100 ba, Barno da Gongola kuma suka koma hannun NPN. Ran 31 ga Disamba na shekarar soja suka sake karɓar mulki. Ya rasu a 1992, yana da shekara sittin da shida.

Abin da ya bari

Dalar gyaɗar da ta taimaka wajen biyan shirinsa ta ɓace daga Kano bayan farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975, man fetur ya maye gurbinta. An soke hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Jam'iyyarsa ba ta wuce shekara biyar ba. Madatsar Kainji kuwa ta fi shi tsawon rai, haka al'adar tsara shirin raya ƙasa, gama an yi na biyu da na uku da na huɗu a bayan nasa.

Malamin makaranta da akawu su ne ke da darasi mafi kusa a wannan tarihi, domin daga hannunsu alkaluma su ke tashi. Rajistar aji, da littafin haihuwa da mutuwa, da takardar ƙidaya, su ne tubalan da mai tsara shiri a babban birni ya ke gini da su. In an ƙara sifiri ɗaya don a faranta wa gari ko jam'iyya, an saka makaranta inda babu yara, an hana rijiya inda a ke ƙishi, an kuma ba maƙwabci dalilin ya ƙara nasa sifirin. Waziri Ibrahim ya riƙe kujerar da wannan cuta ta fi yi wa lahani, ya ga aikin fam miliyan ɗari shida ya tsaya saboda shugabanni sun daina yarda da lissafin juna. Yana da nasa kurakuran, bai kuma sami mulkin da ya nema ba, amma maganin da ya zo da shi a 1978 ya dace da ciwon da ya gani a 1962. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa.